Dokar ƙwadago ta kai ga leburan Damagaram

Kafin shekarar 1946 aikin tilas ne ya zama ruwan dare a ƙasar Damagaram. Mai gari yake ba da mutane, a kora su gyaran hanya ko ɗaukar kaya, ba su da bakin magana. Dokar ran 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny, ita ta kashe wannan zalunci. Bayan yajin aikin da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi a watan Nuwamba 1952, majalisar Faransa ta amince da dokar ƙwadago, aka zartar da ita ran 15 ga Disamba. A cikinta aka ƙayyade aiki awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da mafi ƙanƙantar albashi. Ba kyauta aka ba ma'aikata wannan haƙƙi ba, da guminsu suka same shi.

Amma wa dokar ta rufa wa asiri? Ma'aikacin gwamnati da na kamfani, wato mai takarda a hannu. Su kuwa ba su ne masu yawa a Damagaram ba.

Tun da aka mayar da babban birni Yamai a 1926, Damagaram ta dogara ga kasuwanci da gyaɗa da fatu. Bayan samun mulkin kai an kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, aka gina masana'antar SOTRAMIL mai sarrafa hatsi. Farin 1973 ya karya gyaɗa, na 1984 ya ƙara tsananta wahala. Duk da haka gari bai daina cika ba: ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 54,000, ta 2012 kuwa sama da 230,000. Ba kiran masana'antu ya tara jama'ar nan ba, yunwa ce ta koro da yawa daga cikinsu daga ƙauyuka. Wanda bai sami abin yi a Birni ko Zango ko Sabon Gari ba, sai ya wuce Kano cin rani, ko ya bi ta Agadas zuwa Libiya.

Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, abin alfahari ce. Sai dai itace ɗaya ba ya zama kurmi. Ɗan ga-ruwa, da ɗan dako, da majemi, da leburan gini, da yarinyar aikin gida, su ne ke ɗauke da gari, amma ba su da takardar ɗaukar aiki, ba ranar hutu, ba diyya in tsautsayi ya afka musu.

Dokar ƙwadago ta 2012 tana nan, asusun ma'aikata na CNSS ma yana nan. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Wajibi ne sufetocin ƙwadago su fita daga ofis su zaga wuraren gini da tasha da majema. Duk mai ɗaukar ma'aikaci ya rubuta shi a asusu. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma, kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba, su kuma karanta wa 'yan'uwansu. Dokar da ba ta kai ga lebura ba, ado ce kawai a cikin littafi.