Bakaniken Yau da Ƙwaƙwalwar Mota

A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kunne da sifana sun ishi bakanike. Ya saurari kukan inji, ya wanke kafireto, ya goge fulogi, mota ta tashi. Amma galibin motocin da ke bi ta Zauro a yau, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wata ƙaramar kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke karɓar bayani daga na'urorin da ke auna iska da zafin inji da hayaƙin salansa, sannan ta ƙayyade yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Idan wani abu ya ɓaci, fitilar gargaɗi takan kama a gaban direba, ƙwaƙwalwar kuma ta ajiye lambar matsalar. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka motocin da ake shigowa da su daga can suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Sai dai lamba nuni ce kawai. P0171, alal misali, na nufin iska ta rinjayi mai. Dalilin na iya zama ƙurar hunturu a kan ma'aunin iska, ko tsagaggen tiyo, ko famfon mai da ya raunana. Wanda bai iya karanta taswirar waya da auna lantarki ba, sai ya yi ta canza kaya bisa lalube, har ya ɗora wa ƙwaƙwalwar laifi alhali waya guda ce ta tsinke. Mai mota ya yi asarar kuɗi, bakanike ya yi asarar amana.

A ganina, maganin yana farawa ne daga aji. Yaron da zai shiga gareji gobe yana gaban malami a yau, kuma karatu da lissafi su ne kayan aikinsa na farko. Wajibi ne malamai su daina kallon gareji a matsayin mafakar wanda boko ya gagara. Malamin Hausa kuwa nasa nauyin daban ne: ya shiga cikin makanikai, ya tattaro kalmominsu, ya daidaita su, domin a iya rubuta wannan ilimi da harshen da almajirin gareji yake tunani da shi.