Filin Mata: Barin Rilaksa Da Komawa Ga Gashin Asali

Makon nan zancenmu na gashi ne. Wasiƙu sun zo mana daga wurare dabam dabam, tambayarsu kuwa kusan ɗaya ce. Mace ta yi shekara da shekaru tana sa wa kanta man nan mai miƙar da gashi, wanda a ke kira rilaksa, yanzu ta gaji tana so ta bari. To, yaya za ta yi gashinta ya komo yadda ya ke a da? Waɗansu ma tambaya su ke ko akwai wani mai ko sabulu da za su saya ya warware aikin rilaksa.

Amsar ita ce babu. Duk mai tallan da ya ce muku yana da shi, kuɗinku ya ke so. Gashin da ya riga ya sha rilaksa ba ya komawa har abada. Abin da ke komowa shi ne sabon gashi da ke tsirowa daga ƙasa, tsohon kuwa maganinsa almakashi. Saboda haka aikin duka na haƙuri ne, da sanin yadda za a riƙe gashi iri biyu a kai guda har ɗayan ya ƙare.

Abin da rilaksa ke yi

Kowane silin gashi an gina shi da wani abu da masana ke kira keratin, shi ne kuma a farcenmu. A cikin silin akwai waɗansu ƙananan ƙulle-ƙulle da ido ba ya gani, su ne ke ba gashi ƙarfi, su ke kuma riƙe da murɗewarsa. Aikin rilaksa shi ne tsinka waɗannan ƙulle-ƙulle. Da sun tsinke sai gashi ya saki ya kwanta, amma ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya sake ƙulluwa yadda ya ke.

Rilaksa iri biyu ce mafi yawa. Akwai wadda a ke yi da soda mai ƙuna, watau irin sodar nan da masu haɗa sabulu ke sa safar hannu kafin su taɓa. Akwai kuma wadda a ke rubuta wa a kwali cewa ba soda a cikinta, wadda sau da yawa sai an gauraya abu biyu kafin a shafa. Kada wannan rubutu ya ruɗe ku. A shekarar 2019 masana na Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu sun auna iri 121 na rilaksa da a ke sayarwa a can, har da waɗanda a ke cewa na yara ne, suka tarar dukansu ƙarfinsu ya kai na cin fata. Wannan shi ne dalilin zafin nan da mace ke daurewa a kujerar salun, da ɓawon da ke fitowa a kai bayan kwana biyu.

Asalin man daga Amurka ya ke. Wani baƙar fata mai suna Garrett Morgan, na birnin Kilibilan, shi ne aka sani da fara sayar da irinsa, ya kafa kamfaninsa a 1913. A zamanin nan baƙar mace a can ba ta samun aikin kirki da sauƙi sai gashinta ya yi kama da na Turawa. Daga can abin ya bazu har ya iso mana, muka karɓa a matsayin ado.

Dalilin da ya sa mata ke bari

Na farko abin da kowa ke gani da ido: karyewar gashi, ƙunar fatar kai, da cinyewar gaban goshi. Likitocin fata sun tabbatar cewa gashin da ya sha rilaksa, in aka ɗora masa kitso mai tsauri, ya fi saurin tsigewa daga tushe. In kuwa tushen ya mutu ya zama tabo, ba man da zai tsirar da shi.

Na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Oktoba na 2022 masu binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka fito da sakamakon wani bincike da suka yi a kan mata 33,497, waɗanda suka bi lafiyarsu kimanin shekara 11. Suka lissafta cewa a cikin matan da ba su amfani da magungunan miƙar da gashi, waɗanda za su kamu da ciwon dajin mahaifa kafin su cika shekara 70 ba su kai 2 cikin 100 ba. A cikin masu sawa fiye da sau 4 a shekara kuwa, sun kai 4 cikin 100. Ku lura, wadda ke zuwa a taɓa mata saiwa kowane wata biyu, sau 6 ke nan a shekara. Tun a 2012 ma wani bincike na Jami'ar Bostan a kan baƙaƙen mata ya nuna masu sa rilaksa sun ɗan fi samun ƙari a mahaifa.

Kada hankalin kowa ya tashi. Ciwon nan ba mai yawa ba ne, kuma binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai yanke hukunci cewa kowace mai sawa za ta kamu ba. Amma fatar kai tana shan abin da aka shafa mata, balle in da ƙuna ko ciwo a jikinta. Rigakafi kuwa ya fi magani. Wadda ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ta tafi asibiti, kada ta tsaya jira.

Hanya biyu

Hanya ta farko ita ce ta yanke-yanke gaba ɗaya. A bar saiwa ta fito wata uku ko huɗu, sa'an nan a datse duk miƙaƙƙen gashin rana ɗaya. Wannan ita ta fi sauƙin riƙo, gama gashi iri guda ne ya rage a kai. Sai dai tana bukatar ƙarfin zuciya, domin za ki zauna da guntun gashi wata da watanni. Mu da ke ɗaura kallabi mun fi matan waɗansu ƙasashe samun sauƙi a nan. Amma matar aure ta shawarci maigida tukuna, ta gaya masa dalili, kada ya dawo daga aiki ya tarar da abin da bai zata ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sannu sannu. A daina rilaksa, a bar sabon gashi yana fitowa, kowane wata biyu a rage bakin tsohon da misalin gaɓar yatsa, har ya ƙare. Gashin mutum yana tsawo kimanin santimita 1 a wata. Watau a wata shida za ki sami misalin tsawon ƙaramin yatsanki, a shekara kuma ninkin haka. Wadda ta zaɓi wannan hanya ta sa a ranta shekara guda ce, ko ɗaya da rabi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Inda haɗarin ya ke

Ga abin da ya fi kowane muhimmanci. A jikin kowane sili akwai wurin da sabon gashi mai murɗewa ya haɗu da tsohon da ya miƙe. Wannan mahaɗa ita ce wuri mafi rauni a kanki, kamar inda aka ɗinka sabon ƙyalle a jikin tsohon zane. Daga wata na uku zuwa na shida ne mata da yawa ke karaya. Su ga mataji ya ƙi shiga, su ga gashi a ƙasa, sai su ce ai gashinsu ba ya yi sai da rilaksa, su koma. Alhali ba saiwar ce ke zuba ba, mahaɗar ce ke karyewa saboda jan mataji.

Ki iya bambanta zuba da karyewa. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. In kin yi mako uku da kitso, ran tsifa duk na kwanakin nan za su fito tare, kada ki firgita. Ɗauki sili guda ki duba. In dogo ne da ɗan farin kai a gindinsa, zuba ce ta al'ada. In guntu ne ba farin kai, karyewa ce, sai ki gyara hannu.

Ga yadda za ki kiyaye mahaɗar:

1. Kada ki taje kai yana bushe ƙayau. Ki yayyafa ruwa, ki shafa mai, ki raba gashin kashi huɗu ko shida, ki warware da yatsa tukuna. Sa'an nan ki sa mataji mai manyan haƙora, ki fara daga baki kina gangarowa zuwa tushe.

2. Ki wanke kai sau ɗaya a mako, ko a mako biyu in da kitso. Ki wanke shi a rarrabe, kowane kashi a daure, don kada ya cukurkuɗe. Ruwa mai ɗumi ya isa, ban da mai zafi. Sabulun wanki da omo ba na kai ba ne.

3. Ki nemi abu mai santsi. Karkashin nan da mu ke miya da shi, in aka jiƙa shi a ruwan ɗumi aka tace, yauƙinsa yana sa mataji ya wuce ba faɗa. Kakanninmu sun san wannan. Shi ne matan Chadi ke kira ambunu, wanda yanzu a ke ƙullawa a leda a kai Turai da Amurka a sayar da tsada.

4. Ruwa shi ke jiƙa gashi, mai kuwa tsare ruwan ya ke yi kada ya gudu. Saboda haka ruwa tukuna, sa'an nan man kaɗanya ko man kwakwa kaɗan a bisa. Shafa mai a busasshen gashi kamar rufe tulu ne ba ruwa a ciki. Da hunturu ki ƙara yawan yi, gama iskar tana busar da gashi kamar yadda ta ke fasa leɓe da ƙafa.

5. Ki riƙa kitso manya manya, kamar kalaba ko shuku mai sauƙi, ki bar shi mako biyu zuwa huɗu. Ki gaya wa makitsiya ta sassauta hannu, ta ƙyale ƙananan gashin goshi da na ƙeya. Kitson da ya hana ki barci, ko ya fito da ƙuraje a gefen kai, ki tsefe shi ran nan, kada ki ji ƙyashin kuɗin da kika biya.

6. Ki nisanci ƙarfen miƙar da gashi da na'urar busarwa mai zafi. Zafi mai yawa yana iya kashe murɗewar sabon gashin har abada, ki koma gidan jiya.

7. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai sulɓi. Na auduga yana shanye mai, yana kuma goge gashi. Kada ki ɗaura kallabi a jiƙaƙƙen kai, ki bari ya sha iska tukuna.

Ku sani kuma ba man da ke sa gashi gudu. Tsawon da ku ke gani a kan wata, gado ne da kuma rashin karyewa. Cin abinci mai kyau, kamar wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da zogale, ya fi kwalba goma ta kanti amfani. Mai jego kuma ta kan ga gashinta yana zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, wannan yana wucewa da kansa.

In gashin asali ya fito za ki ga abin mamaki. Kin ja shi ya kai kafaɗa, kin saki ya koma kunne, musamman in ya sha ruwa. Wannan tsukewa ba lahani ba ce, alama ce ta gashi mai lafiya.

Ga iyaye da 'yan makaranta

Iyaye mata, don Allah ku dubi kan yaranku. Yarinya 'yar shekara biyar ko shida, saboda ta yi kuka wajen taje kai, ko saboda salla ta zo, sai a zuba mata abin da ke cin fatar babba. In an jiƙa gashin an bi shi sannu, kukan ma ba za ta yi ba. Ku daina ce mata gashinta mai taurin tsiya ne, gama abin da uwa ta faɗa yana zama a zuciyar 'ya.

Ku kuma 'yan makaranta, kada dariyar ƙawaye ta sa ku raina abin da Allah ya ba ku. Mawaƙiyar nan ta Afirka ta Kudu, Miriam Makeba, ta zaga duniya da guntun gashinta na asali tun shekarun 1960, ba wanda ya ce ba ta yi kyau ba. A 2016 'yan mata na wata babbar makaranta a Firitoriya suka tashi tsaye saboda ana matsa musu su miƙar da gashinsu, har hukuma ta sa aka dakatar da dokar gashin makarantar. A 2019 kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka da ta hana a wulakanta mutum a wurin aiki ko makaranta saboda gashinsa na asali ko kitsonsa. Abin da waɗansu suka yi gwagwarmaya kafin su samu, mu a gida muka gaje shi, ga makitsa a kowace unguwa.

Wadda ta ga ba za ta iya bari yanzu ba, ba mu zarge ta ba. Amma ta rage. Ta bar aƙalla mako 8 zuwa 12 tsakani, a shafa a saiwa kaɗai ban da tsohon gashi, kada a wuce mintocin da aka rubuta a kwali, kada kuma a sa a kan da ke da ciwo ko wanda aka sosa. Da ta ji zafi a wanke nan da nan.

Wadda ta ɗaura niyya kuwa, ta rubuta ranar da ta sa na ƙarshe a bayan kalanda, ta riƙa ƙirga wata. In wata na huɗu ya zo da wahalarsa, ta tuna mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ku rubuto mana yadda kuka ƙare, don waɗansu su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.