Gyara Ba Asara Ba Ce



Duk lokacin da muka zauna da ku bayan sujada, maganar jari ce ke fara fitowa. Wannan yana da teburin shayi, wancan yana cajin waya, wata tana suyar awara da ƙosai, wani ya karɓi na'urar POS, wani kuma yana awon masara da waken suya ranar kasuwa. Kukan duk iri ɗaya ne: jari kaɗan, masu sayar da irin kayan sun yi yawa, masu saye kuma aljihu ya bushe. Ba mu musa ba. Amma bari mu faɗi ra'ayinmu a fili. A kasuwa irin tamu ta 'Yargoje da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, abin da zai raba ƙaramin ɗan kasuwa da maƙwabcinsa shi ne abin da mai saye zai tuna bayan ya koma gida. Wannan kuwa ko mai jarin dubu goma yana iya ɗora shi a kan hajarsa.

Ku duba da kyau. Sukarin da ke teburinka da na maƙwabcinka daga hannun dila ɗaya suka fito, ko a Funtuwa ko a Kano. In ka karya farashi don ka janye masa mutane, gobe shi ma zai karya, jibi ku duka biyu ku cinye uwar kuɗi. Ta wajen farashi ƙofa a rufe take. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce yadda ka karɓi mutum da yadda ka sallame shi.

Halin da yankinmu ya shiga ya ƙara wa wannan magana nauyi. Ba mu manta da kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da namu ukun nan, sannan a Satumba aka katse layukan waya na tsawon watanni. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, a Mayu kuma aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. Harin da aka kai 'Yargoje a watan Yuni na 2024 har yanzu gidaje da yawa suna ɗauke da zafinsa. Duk wannan ya rage baƙon da ke ratsowa ya saya ya wuce. Waɗanda suka rage su ne fuskokin da muke gani kowane mako. Mutumin da ya baro ƙauyensu ya zo kasuwa a irin wannan lokaci ya auna hatsarin hanya kafin ya fito. In ya iso ka tarbe shi da ɗaure fuska da tauyayyen mudu, ka yi masa rashin adalci biyu.

Mu tambayi kanmu: wa muke tunawa daga kwanakin ƙarancin kuɗi na 2023? Kowannenmu zai iya nuna mai POS ɗin da ya ga mutane a matse ya tsuga musu caji, ya kuma nuna wanda ya tsaya a kan abin da hankali zai ɗauka, ko ya ware wa tsohuwa 'yan canji don ta sayi magani. Kuɗi sun dawo hannun jama'a, amma labarin mutanen nan biyu bai goge ba. Na farko ya ci ribar wata biyu, na biyu har yau yana cin ribar sunan da ya yi.

Masana ma sun auna wannan. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya sami kyautar Nobel a 2002, ya yi wani gwaji da abokan aikinsa a 1993. Sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60. Sun kuma sa su tsoma na daƙiƙa 90, amma a daƙiƙa 30 na ƙarshe aka ɗan rage sanyin ruwan. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawancinsu suka zaɓi mai tsawon, don ƙarshensa ya fi sauƙi. Darasin shi ne, zuciya takan riƙe wurin da abu ya fi zafi ko daɗi, da kuma yadda ya ƙare. Iyayenmu mata masu sayar da daddawa da kuka ba su karanta wannan ba, amma sun san shi. Shi ya sa gyara ke zuwa a ƙarshen ciniki, bayan an biya, ana shirin ban kwana.

Kakanninmu fatake ma da haka suka riƙe cinikin goro da shanu har kudu. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta a farkon shekarun 1960, baƙon da ya kawo shanu daga Arewa a wurin maigida yake sauka. Maigidan ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki dabba bashi. Wanda ya ji daɗin riƙon da aka yi masa, gidan zai sake nufa, ya kuma turo wasu. Jarin maigida na gaske shi ne amanar da baƙi suka shaida a kansa.

To, me matashi mai ƙaramar sana'a zai yi tun daga gobe?

Na farko, ka san mutum. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ajiye waya in mai saye ya tsaya a gabanka. Gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa: Baba, Inna, Yaya, Malam. Mai shayin da ya tuna cewa wannan dattijo ba ya shan sukari da yawa, ya haɗa masa ba tare da an faɗa ba, ya ba shi abin da babu a teburin kusa. Yaron da aka aiko ma kada ka raina shi, domin shi zai kai rahoto gida.

Na biyu, mudu ɗaya ga kowa. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta haramta ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta nuna yadda Allah ke ƙin ma'aunin zamba. Bubbuge gindin tiya, zuba tsakuwa a wake, jera manyan tumatir a saman kwando, duk algus ne, kuma a gida ake gano su, lokacin da ba ka nan balle ka kare kanka. In kayanka na da aibi, ka riga mai saye faɗa. Mai gyaran wayar da ya ce, "Wannan batirin ba na asali ba ne, ba zai daɗe ba," zai iya rasa cinikin yau, amma ya sami wanda zai yarda da maganarsa gobe.

Na uku, cika alkawari. Telolinmu, da ku muke. In ɗinki ba zai yiwu kafin Kirsimeti ko Sallah ba, ka faɗa tun ranar da aka kawo yadi. Gara mutum ya ji haushi na minti biyar da ya yi zarya mako biyu, ranar biki kuma 'ya'yansa su fita da tsofaffin kaya.

Na huɗu, ranar da aka dawo da ƙorafi ita ce ranar jarrabawarka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Saurara har ya gama, ka duba, in laifinka ne ka canza ko ka mayar da kuɗi ba tare da tara masa jama'a ba. Wannan ne wurin da abu ya fi zafi, shi kuma zai fi zama a ransa.

Mun san abin da wasunku za su ce: "Fasto, ribar nawa take da har za a yi gyara?" Mu yi lissafi. A ce wata na sayen ƙosan naira 500 a wurinki kullum, ribarki a ciki naira 100. A wata kin sami 3,000. In kina ɗora mata gyaran naira 20, kin kashe 600, saura 2,400. In ta koma wurin wata saboda ba ta ga sakin fuska ba, saura sifili. Sai dai a yi gyara da lissafi, a sa shi cikin kuɗin da aka kashe. Wadda ta rage girman ƙosai don ta ba da gyara, da hannun dama ta bayar ta karɓe da na hagu, masu saye kuma ba makafi ba ne.

Wasu kuma za su ce kirki shi ke jawo bashi, bashi kuma shi ke kashe sana'a. Akwai gaskiya a nan, mun ga shagunan da 'yan'uwa da abokai suka cinye. Amma kyautatawa daban, sakaci daban. Ka sa iyakar abin da za ka iya bayarwa, ka rubuta a littafi a gaban mai karɓa, ku yanka ranar biya. In ba hali, ka ce babu cikin mutunci, a keɓe. Mutum yakan manta an hana shi bashi, amma ba ya manta an kunyata shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Yawancin masu saye a wurinmu maƙwabtanmu Musulmi ne. Da yawansu ba za su taɓa shiga majami'armu ba, amma kullum suna tsayawa a gaban teburinmu, a nan suke karanta irin mutanen da muke. Kada a sami farashi biyu, na ɗan ikkilisiya da na wani. Ka san lokacin azumi, ka shirya kayan buɗa-baki da wuri, ka yi haƙuri da wanda yunwa ta sa ya ƙosa. Haka nan kada ka ɗauka dole ɗan'uwa mai bi ya saya a wurinka don kuna zumunta ɗaya. Shi ma yana da haƙƙin cikakken mudu da tsabtataccen kofi. A Luka 6:38 Ubangijinmu ya ɗauki misali daga mai awon da ba ya rowar cika mudu, don ya koya mana cewa yadda muka yi wa mutane haka za a yi mana.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi mutum biyar da suka saba saye a wurinsa, ya tambaye su abu ɗaya da suke so ya gyara, ya saurara ba tare da kare kai ba. Mai awo ya ɗauki tiyarsa ya gwada ta da ta wani amintacce. In mun haɗu a taron zumunta mai zuwa, za mu ji abin da kowa ya tarar.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya maido da salama a garuruwanmu, ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.