Musanya Darasi Ko Yafe Shi: Wanne Ne Adalci Ga Ɗalibi Nakasasshe?

Kowace kwaleji da jami'a tana da darussan dole, waɗanda in ɗalibi bai ci su ba, ba zai karɓi takardar shaida ba, ko da ya yi fice a sauran. To, yaya za a yi da kurman da aka ɗora wa jarrabawar saurare da furuci? Yaya kuma wanda yake da nakasar nan ta haɗa haruffa, wadda ake kira disleksiya, alhali an wajabta masa koyon baƙon harshe? Hanyoyi uku ne a gaban hukumar makaranta: ta ce sai ya yi ko ya tafi, ko ta yafe masa darasin ɗungum, ko kuwa ta musanya masa da wani mai nauyi daidai da shi. Mu dai ra'ayinmu shi ne musanya ta fi, kuma za mu faɗi dalili.

Ƙasar Amurka ta daɗe tana fama da wannan magana har gaban alƙalai. Sashe na 504 na wata doka ta 1973 ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasasshe bambanci. Ƙa'idodin da aka fitar a 1977 sun ambaci ƙarin lokacin gama karatu da musanya wasu darussa, amma ba su tilasta wa makaranta taɓa abin da ta tabbatar shi ne ginshiƙin karatun ba. Dokar nakasassu ta 1990 ta ƙara faɗaɗa wannan kariya.

A 1979 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Frances Davis, wata mai matsalar ji ƙwarai, wadda ta nemi shiga karatun aikin jinya a wata kwaleji a jihar Karolina ta Arewa. Kotu ta goyi bayan kwalejin, gama in aka cire mata horon kula da majiyyata a asibiti, abin da ya rage ba karatun jinya ba ne kuma. Wannan hukunci yana da ɗaci, amma akwai gaskiya a cikinsa: majiyyacin da zai kwanta a hannun ma'aikaci shi ma yana da hakki.

Shari'a ta biyu ita ce ta Jami'ar Boston. A 1995 wani babban jami'inta mai suna Jon Westling ya dakatar da musanya darussan lissafi da baƙon harshe, har ya ba da labarin wata ɗaliba mai barci a aji, wadda daga baya ya amsa cewa ƙirƙiro ta ya yi. Ɗalibai suka kai ƙara. A 1997 mai shari'a Patti Saris ta ga cewa jami'ar ta yanke shawara ba tare da bincike ba, sai ta umarce ta ta kafa kwamitin malamai su zauna su duba ko baƙon harshe ginshiƙi ne a karatun. Kwamitin ya zauna, ya ce ginshiƙi ne, a 1998 kuma kotu ta amince. Watau makaranta tana da ikon cewa a'a, amma sai bayan ta yi tunani da gaske, ta kuma iya bayyana dalilinta. Zato da son zuciya ba su isa hujja ba.

Me ya sa muke jin tsoron yafewa? Domin sau da yawa tausayin da ke cikinta reni ne a ɓoye. Malami ya dubi makaho ya ce lissafi ba nasa ba ne, ya sa hannu a takarda, ya huta da wahalar koya masa. Ku tuna da Abraham Nemeth, makaho tun haihuwa, wanda masu ba da shawara suka karkatar da shi daga lissafi zuwa nazarin halayyar ɗan Adam. Bai haƙura ba. Shi ne ya tsara alamomin lissafi na rubutun makafi da aka buga a 1952, ya kuma koyar da lissafi a Jami'ar Detroit shekara 30. Da an yafe masa lissafi har abada, da makafi masu yawa sun yi hasara. Bugu da ƙari, darasin da aka yafe yau yana iya zama katanga gobe, sa'ad da ɗalibin ya nemi ƙarin karatu ko aiki aka ga gurbi a takardarsa.

Amma taurin kai ma zalunci ne. Ɗalibin da ya yi shekara uku iyayensa suna sayar da hatsi da awaki don kuɗin makaranta, a kore shi hannu wofi saboda darasi ɗaya da bai shafi aikin da zai yi ba, wannan ba kare darajar ilimi ba ne.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Nijeriya. Tun kafin wannan, a 1953, mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri. Ikkilisiyar da ta fara koya wa makafi karatu, bai kamata kwalejojinta su zama na baya ba. A makarantunmu na tauhidi akwai Helenanci da Ibrananci, akwai waƙa, akwai gwajin wa'azi. Kurma zai iya yin gwajin wa'azinsa da maganar hannu, gama ikkilisiyar kurame tana bukatar makiyayi. Mai disleksiya da ya yi iyakar ƙoƙarinsa a Helenanci bai samu ba, ana iya ba shi tarihi da al'adun zamanin Sabon Alkawari a madadinsa, in aikin bishara zai yi. In kuwa fassarar Littafi Mai Tsarki yake nufi, to harsunan asali ginshiƙi ne, ba a taɓa su.

Saboda haka muna roƙon hukumomin makarantunmu abu huɗu. Na ɗaya, kafin a yi zancen musanya, a fara ba ɗalibi kayan aiki: rubutun makafi, mai fassara da hannu, ƙarin lokaci, kwamfuta mai karanta rubutu. Na biyu, malamai su zauna su rubuta manufar kowane darasin dole, domin a san ginshiƙi daga ado. Na uku, kwamiti ne zai yanke shawara, ba mutum ɗaya ba, bayan an ga shaidar likita ko gwani, an kuma ji ta bakin ɗalibin kansa, a ba shi amsa a rubuce da damar ɗaukaka kuka. Na huɗu, a yi wannan tun shekarar farko, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye kuma, kada ku ɓoye nakasar ɗanku don jin kunya, kada kuma ku nemi a ba shi takarda don tausayi. Ku nemi a ba shi hanyar da zai bi da guminsa, domin ranar da ya riƙe takardar nan ya san tasa ce. Allah ya ba shugabannin makarantunmu hikima da tsoronsa. Amin.