Fentin da mai ba ya ci: ka daina jiran shagon Turawa, maganin jirginka yana garejin mai fentin mota

Kai ɗan uwa da ke haɗa ƙaramin jirgin sama a zaure ko a bayan gida, a Bebeji kake ko Kiru, Tudun Wada ko can Doguwa, da kai nake yau, kuma maganar ba ta lallashi ba ce. Ka yi wata uku kana tara kuɗin rimot da farfela, ka hana idonka barci kana yanka kana mannawa, sai a ranar ƙarshe ka je ka sayo fentin gwangwani na feshi saboda ka ga wani ya yi haka a TikTok. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai fiffiken ya narke a gabanka tun kafin ka ajiye gwangwanin, ko kuma ya yi kyau har ka ɗauki hoto, sannan ranar da ka tayar da inji fentin ya koma danƙo yana bin yatsunka. Daga nan sai waƙar da muka saba ji: ai mu ba mu da shagon kayan jirgi a nan, ai sai an yi odar fenti daga waje.

Wannan waƙar ce nake so ka daina.

Na farko dai, shagon da kake mafarki a can ƙasar Turawa shi ma rufewa yake yi. Kamfanin Hobbico na Amurka, ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan jiragen wasa a duniya, ya shigar da takardar karayar arziki a watan Janairun 2018, aka sayar da sassansa. Ƙananan shagunan unguwa da ke sayar da fenti da gam da katakon jirgi sun daɗe suna raguwa, saboda ciniki ya koma intanet kuma yawancin masu sha'awar sun koma jirage masu batir da ake sayowa a haɗe da launinsu. Su kansu masu injin mai a can yanzu neman fentin suke suna cigiya. Na biyu, ko ka samu a intanet, fenti mai kama wuta da gwangwanin feshi suna cikin kayan da ake hana ɗorawa a jirgin sama ta hanyar aike na yau da kullum. Shi ya sa za ka ga rimot ya iso, batir ma wani lokaci da kyar, amma fenti shiru. To kai da ke Doguwa, me kake jira? Wani abu da masu shi ma sun fara rasa shi?

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, amsa tambaya guda: me ke juya farfelar jirginka? In batir ne, wallahi ba ruwanka da fentin da mai ba ya ci. Babu mai, babu hayaƙi, babu abin da zai ci shi. Duk wanda ya ce maka sai ka sayi wani fenti na musamman, aljihunka yake kallo. Matsalarka ɗaya ce kawai, wato farin soson nan da ake cusawa a kwalin firji da talabijin, wanda yawancinku da shi kuke yin fiffike. Ka taɓa ganin yadda ake jiƙa shi a fetur ya narke ya zama danƙo, a liƙe hudar kwanon rufi da shi kafin damina? To abin da tinar da ke cikin fentin gwangwani ke yi masa ke nan. Haka gam ɗin kafintoci mai warin nan, haka sufa gulu na gama-gari. Kai mai batir, farin gam na katako irin Top Bond ka sirka da ruwa, ka lulluɓe soson da siririyar takarda, ya bushe, ka bi da fentin da ake dama shi da ruwa. Shi ke nan, ka gama, je ka tashi jirginka.

Mai injin mai kuwa, zauna, da sauran magana. Man ma iri biyu ne, kuma bidiyon da kake kallo ba sa gaya maka wanne suke nufi. Ƙananan injinan da aka ƙera musamman don jiragen wasa ba fetur suke sha ba. Man su haɗi ne na metanol, da wani sinadari da ake kira naitiro, galibi kashi 5 zuwa 15 cikin 100, da man shafawa wajen kashi ɗaya cikin biyar, sau da yawa man zurma. Naitiron nan shi ne azzalumin fenti. Shi kuma man zurma ba ya ƙonewa duka, salansa ce ke feso shi da zafinsa ya wanke gefen jirgin tun daga hanci har wutsiya. Idan Bature ya ce fenti kaza mai ba ya cin sa, wannan man yake nufi. Su a da har da wani fentin yadi suke shafawa, shi ma kala biyu ne, ɗaya yana jure man, ɗaya ba ya jurewa, alhali a ido duk ɗaya suke. Amma kai a ina za ka samo wannan man a Kiru? Abin da ya fi kusa da hannunka shi ne ƙaramin inji mai shan fetur gauraye da baƙin mai, irin na injin yankan ciyawa ko na zarto. Ka ga ke nan kana neman maganin ciwon da ba shi kake da shi ba.

Fetur kuwa, ai amsarsa tana wuce ka sau ɗari a rana. Je ka tsaya a Kwanar Dangora ka kalli tankunan babura. Kullum sai fetur ya zuba a bakin tankin nan, daga gidan mai ko daga galan ɗin 'yan bumburutu, rana kuma tana dukansa, amma fentin kamfani yana nan shekara da shekaru. Sai ka duba tankin da mai shi ya sake fesawa da gwangwani: kewayen murfin ya dushe, ya yi dabbare-dabbare, wani ma ya kwaile. Bambancin ba na tsada ba ne, na yadda fentin ke bushewa ne. Na gwangwani, tinar cikinsa ce ke tashi ta bar launin a zaune. Abin da ruwa mai narkarwa ya ajiye, wani ruwan mai narkarwa zai iya zuwa ya ɗauke. Shi kuwa wanda masu fentin mota ke kira 2K, abu biyu ake haɗawa, kiliya da ruwan da ke daskarar da ita, sai su kama juna su zama wani abu na daban wanda ba ya komawa ruwa. Idan ya nuna sosai, fetur ba ya yi masa komai, kuma har masu injin naitiro a waje da yawansu shi suke shafawa a kan launi. Wato abin da kake roƙon wani ya turo maka daga Amurka, yana nan a kan benci a garejin mai fentin mota. In babu a garinku, masu sayar da fentin mota a Kano, wajen Kofar Ruwa da Sabon Gari, da shi suke kasuwanci.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Yaro zai yarda da mutumin da bai taɓa gani ba, wanda ke magana a ƙasar da ake yin ƙanƙara, amma ya raina dattijon da ya shekara ashirin yana fama da fetur da fenti a bakin titin garinsu, don kawai ba shi da shafi a YouTube. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero wanda duniya ta ji labarinsa a 2007, da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa ya haɗa jirginsa mai saukar ungulu, har ya ɗaga daga ƙasa. Bai zauna jiran a buɗe masa shago ba. Ka je ka gaida mai fentin nan, ka ce Baba ga abin da nake yi. Ba gwangwani guda kake buƙata ba. Abin da ya rage a bindigar feshinsa bayan ya gama mota ya ishi hancin jirginka, kuma dole ne ma ya yi amfani da shi a ranar, don in an riga an haɗa, cikin 'yan awoyi yake daskarewa.

Na san wani zai ce, to fenti ai ado ne, in ya kwaile ya kwaile, jirgi dai ya tashi. Nan ne ka yi kuskure babba. Katakon da ka ɗaure injin a kai, in ba a rufe shi ba, mai yake sha kamar yadda burodi ke shan shayi. A hankali ya yi laushi, gam ya saki, kusoshi su fara rawa. Katakon da ya sha mai kuma ba gam ɗin da zai sake kama shi da kyau. Yanzu ka tuna farfelar nan tana juyi dubbai a minti ɗaya, ka kuma tuna yadda yara ke yanyame ka duk ranar da ka fito da jirgi fili, ko ka kore su sai sun dawo. Ranar da injin ya tsinke daga mazauninsa, fuskar wa zai samu? Saboda haka wurin da ya fi buƙatar kariya ba inda ake gani a hoto ba ne. Mazaunin inji ne, da ɗakin tanki, da duk inda katako yake tsirara.

Maganin wannan ma a shagon kayan babur yake: gam mai tube biyu da ake haɗawa, irin Araldite. Ka nemi mai jinkirin kamawa, ba na minti huɗu ko biyar ba, don mai saurin zai daskare kafin ya shiga cikin katakon. Ka haɗa daidai wa daida, ka ɗiga sifirit kaɗan ya sassauta, ka shafa da ƙaramin buroshi har cikin ramukan kusoshi. In gangar jikin ta farin soso ce, gam ɗin nan ba ya cin sa, amma sai ka lulluɓe soson gaba ɗaya tukuna, da takarda da farin gam ko da siririn shafe na wannan gam ɗin, ba tare da barin ko ƙofar allura ba, kafin kiliya ta taɓa shi. Kiliya ma akwai tina a cikinta. Ta sami huda ɗaya, za ta shiga ta yi maka rami a ƙarƙashin fenti.

Sai dai fa 2K ba abin wasa ba ne, kuma a nan ba zan goyi bayan yadda ake yi a garejinmu ba. Ruwan da ke daskarar da shi yana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu, yana jawo asma wadda ba ta rabuwa da mutum. Tsumman da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin da muka sa lokacin korona, ba sa tare shi. Kar ka kuskura ka fesa shi a ɗakin da kake kwana ko a tsakar gida inda mata ke girki. A waje, a inuwa, iska tana bugowa daga bayanka, nesa da wuta da yara. In ba ka da takunkumi mai matatar sinadari, ka shafa da buroshi maimakon feshi, da safar hannu. Ba zai yi sheƙi kamar mota ba, amma huhunka ba shi da safaya.

Kuma don Allah a rage zari. Jirgi ba Keke Napep ba ne da za a yi ta lafta masa launi. Kowane shafe nauyi ne, kuma wutsiya ta fi hanci nisa daga tsakiyar nauyin jirgi, don haka fenti kaɗan a baya yana iya sa jirgin ya riƙa ɗaga kai har ya kife. Shafe ɗaya ko biyu sirara. Bayan fenti ka sake ɗora jirgin a kan yatsu biyu ka duba daidaitonsa. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara don ƙura, da damina kuma ka bar ranar da gari ya yi laima, in ba haka ba kiliyar za ta yi fari-fari kamar hazo.

Kar ka ɗauki maganata ma haka nan, gwada ta. Ɗauki guntun abin da ka yi jirgin da shi, ka yi masa duk abin da za ka yi wa jirgin, shafe bayan shafe, ka ajiye shi mako guda cur. Bushewar da yatsa ke ji daban, nuna daban, kuma gaggawar nan ce ke sa mutane su ce kiliya ma ba ta aiki. Bayan mako, ka ɗiga ainihin man da injinka zai sha, ka bar shi minti goma, ka goge da farin ƙyalle. In launi ya biyo ƙyallen ko wurin ya yi danƙo, ka tsira da jirginka, asarar guntu kawai ka yi. Haka za ka jefa guntun tiyon mai a kwalbar fetur ya kwana biyu: lallausan tiyon silikon da ake sayarwa don injin naitiro kumbura yake a fetur ya saki, na janareta ko na babur shi ne naka.

Ranar gwajin tashi kuma ka zaɓi fili nesa da gidaje, ka sanar da mai unguwa. Tun 2016 hukumar NCAA ta ce sai da izini ake tashin jirgi marar matuƙi a ƙasar nan, kuma ku na wajen Tudun Wada da Doguwa kun fi kowa sanin cewa kusa da dajin Falgore ko shingen jami'an tsaro ba wurin da za a ga baƙon abu yana shawagi a sama ba ne.