Kafin ka karɓi kwas da niyyar tsallakawa likitanci



Duk shekara labarin ɗaya ne. Yaro ya cike MBBS a JAMB, makinsa bai kai ba, jami'a ta ba shi Bayokemistiri ko Maikrobayoloji ko Anatomi. A gida a ce masa, "Karɓa kawai, daga baya ka tsallaka." Sai ka gan shi jikinsa na aji, hankalinsa na asibitin koyarwa.

Ni dai ra'ayina, kada ka karɓi kwas ɗin da ba za ka iya rayuwa da shi ba idan tsallakawar ba ta yiwu ba. Hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, don haka guraben kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Kar bidiyon ƴan Amurka ya ruɗe ka. Can dama sai ka gama digirin farko kafin ka nemi likitanci. Mu nan daga sakandare ake shiga, hanyar mai digiri kuma ƴar siririya ce.

To yi lissafi. Digirin kimiyya shekara 4, bautar ƙasa 1. In ka dace da DE, aji biyu za ka faɗa, saura shekara 5, sannan shekara 1 ta horon asibiti. Shekara 11 ke nan, in ba yajin aiki. Mu da ke karatu a Kudu mun san abin da haya da kuɗin mota ke ci. Ka zauna da mai biya maka ku yi maganar nan tun yanzu.

In har likitancin ne a ranka, Anatomi, Fisiyoloji da Bayokemistiri sun fi kusa, domin su ne ake yi a manyan jarrabawar farko ta MBBS. Amma sakamako mai kyau ake dubawa a DE, kuma daga zangon farko ake gina CGPA. Wanda ya raina kwas ɗinsa yana jiran canji, wallahi biyu-babu zai yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma aikin asibiti kake so ko ta wace ƙofa, duba aikin jinya, haɗa magunguna, gashin ƙashi ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Kowanne na da hukumarsa da lasisinsa. Ka sani, digirin Maikrobayoloji kaɗai ba ya ba ka lasisin MLSCN.

Ƙannena mata, ku ma da ku nake, domin asibitocinmu na Arewa na matuƙar buƙatar ku. Kowa ya je sashen da yake so ya tambayi ƙa'idarsu da bakinsa, ban da "an ce". Allah Ya yi mana zaɓin alheri.