Manhajar Sauke Maƙaloli Ba Ta San Hanyar Alƙalawa Ba



Kwanan nan an cika zaurukanmu da tallar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu nemo maƙalolin ilimi su sauke maka a waya ko kwamfuta. Ka rubuta batu, ita ta shiga rumbuna ta kwaso, har ta taƙaita maka. Masu tallar cewa suke wahalar bincike ta ƙare. Ni kuwa tambaya ɗaya nake yi musu: kun karanta takardar bayanin da masu manhajar suka rubuta, ko hoton allon wani kuka gani kuka tura?

Takardar nan ba ado ba ce. A cikinta ake faɗin inda manhajar take zuwa nema. Buɗe ta a GitHub, ka tsallake dogon bayanin yadda ake girkawa, ka je jerin rumbunan. Sau da yawa arXiv za ka tarar a sama, rumbun da aka kafa a 1991 wanda ƙarfinsa kimiyyar lissafi, fiziks da kwamfuta ne. Sai PubMed da bioRxiv, na likitanci da ilimin halittu. Madalla da su ga ɗalibin likita. To kai da kake son rubuta littafi kan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa, me ka ajiye a can?

Tarihinmu wani wuri yake kwance. Yana cikin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Larabci. Yana cikin rahoton tawagar Tilho da ta auna iyakar nan tamu tsakanin 1906 da 1909, da Faransanci. Yana cikin kundin digirin Abdullahi Rafi Augi kan Gobir da kwarin Rima, wanda ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya a 1984, da littafin Murray Last kan Daular Sakkwato na 1967. Akwai takardun Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da na Arewa House da Ma'ajiyar Takardun Ƙasa a Kaduna. Wani ɓangaren ma ba a takarda yake ba. Yadda Ɗan Halima ya baro Tsibiri ya kafa Sabon Birni, tsofaffi da makaɗan fada suna da nasu zancen, kuma na Tsibiri a Nijar ba lallai ya zo daidai da na wannan tsallaken ba. Wace manhaja ce ta taɓa zama a gabansu?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da takardun bayanin suke yin shiru a kai. Kyakkyawar takarda za ta faɗa maka ƙarara me manhajar take yi idan ba ta samu komai ba, da kuma idan maƙalar ta kuɗi ce. Cikakkiyar maƙala take saukewa ko tsakure kawai? Tana iya karanta tsohon shafin da aka ɗauka a hoto? Tana gane ƙ, ɗ da ɓ? Nawa take cin data? Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce ga mutumin Isa ko Gatawa, inda a 2021 aka datse layukan waya gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Idan takarda ta cika da alkawari amma ba ta amsa waɗannan ba, ba don kai aka rubuta ta ba.

Haɗarin kuma ba a shirun ya tsaya ba. Basirar da ke tuƙa manhajar an san ta da cike giɓi: idan ta rasa, tana iya haɗa sunan marubuci da take da shekara waɗanda babu su a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙirƙiro. Su alƙali ya kama su. Kai idan ka sa sarkin da bai taɓa mulki ba tsakanin Bawa Jan Gwarzo da Yunfa, wa zai kama ka kafin yara su haddace?

Na san za a ce hanya ba lafiya, kuɗin mota ya yi tsada, gara manhajar da babu. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da ita ba. Mai rubutu kan zazzaɓin cizon sauro ko ambaliyar Rima zai amfana da ita. Wasunsu ma suna da maɓallin shiga Sci-Hub, shafin da ke raba maƙaloli ba da izinin mawallafa ba. Mu da kullum muke kukan ana watsa littattafanmu a WhatsApp ba sisi, sai mu duba da kyau kafin mu kunna shi.

Duk wanda zai sake kawo mana tallar irin wannan manhaja a zauren nan, ya haɗo da jerin rumbunanta. Ya kuma rubuta mata "Gobir", ya nuna mana abin da ta kwaso, da shafin farko na kowace maƙala.